Hayo likita daga waje ko gina na gida? Muhawarar daren jiya

Malam Karatu: Salam jama'a. Ni maganata ɗaya ce kuma ina nan a kanta: duk gwamnatin da ta je ta hayo likitoci daga waje alhali nata suna tattara jaka suna guduwa, ruwa take zubawa a kwando. Kuɗin da za a kashe wa baƙo ɗaya, albashi da dala, gida, mota, tikitin jirgi, tafinta, a ba ɗan gida ko rabinsa mu ga in zai tafi.

Hajiya Ungozoma: Malam ka taɓa tsayawa a kan mace mai naƙuda ƙarfe biyun dare jini na zuba, ɗa ya zo a gicciye, ana buƙatar tiyata kuma babu likita ko ɗaya a asibitin? Ni na tsaya, hannuna a cikin nata, tana ce min Hajiya kar ki bari in mutu. A wannan daren ko daga duniyar wata likitan ya faɗo ina so. Kai kana lissafin shekara goma ni ina lissafin minti talatin

Dakta Mai Kwana: Hajiya gaskiyarki ce wallahi, karatun likita shekara shida ne, ga shekarar horo a asibiti, in kuma ƙwararre ake so a ƙara wasu biyar ko shida, babu yadda za a yi a ce wa mara lafiya ya jira. Amma matsalar baƙo ba kai ke riƙe da igiyarsa ba. Ku duba Brazil, a 2013 suka kawo shirin Mais Médicos suka cika ƙauyuka da likitocin Kuba, aiki ya yi kyau kam, sai a ƙarshen 2018 da Bolsonaro ya ci zaɓen shugaban ƙasa aka samu saɓani, Kuba ta kira mutanenta gida, sama da likita 8,000 cikin 'yan makonni. Wanda ya hau dokin wani dai ya san inda ake sauke shi.

Ɗan Auta: to Dakta ku ɗin da aka koyar da kuɗin talakawa ba guduwa kuke ba? gara ma baƙon ya sa hannu a kwantiragi ya san ranar tafiyarsa, ku da kun samu biza sai dai a ji kuna Ingila ko Saudiyya 😂

Dakta Mai Kwana: Ƙanena ni ina nan ban tafi ba, amma ba zan zagi wanda ya tafi ba. Na taɓa ɗinke ciki da fitilar waya a hannun nas saboda janareta ba mai, na fito na ga mutum arba'in a layi, albashina kuma wata uku shiru. Ka kawo farfesa daga Jamus ka sa shi a ɗakin nan, shi ma fitilar wayar zai riƙe.

Malam Karatu: Yauwa, abin da nake faɗa kenan. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, ƙasashen da suka taɓa cikawa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kenya ma ta kawo likitocin Kuba 100 a 2018, ƙungiyar likitocin ƙasar na ta ihu cewa ga nasu nan zaune ba aiki, a 2023 gwamnati da kanta ta ce ba za ta sabunta yarjejeniyar ba.

Hajiya Ungozoma: Malam, likitocin gidan ai birni suke maƙalewa, tura su ƙauye ka ga yadda takardar neman canji za ta fito kafin wata biyu. Amma kuma in faɗi gaskiya baƙo ma yana da nasa. Na yi aiki da wani, mutumin kirki sosai, sai dai ni ce bakinsa ni ce kunnensa, tsohuwa za ta yi bayanin ciwonta na minti biyar da kwana-kwana da kunya, ni in dunƙule masa a jimla biyu, Allah kaɗai ya san abin da ke zubewa a hanya. Ranar da ba na nan kuwa sai nuni da hannu

Baba Alhaji: Yara ku bar ja-in-ja, ba dole sai an zaɓi ɗaya ba. Gambiya da Kubawan nan ta buɗe makarantar koyon likita a 1999, wato baƙon ya zo yana duba marasa lafiya yana kuma koyarwa. Thailand ta daɗe tana wajabta wa sabon likita shekara uku a asibitin gwamnati, tana kuma ɗauko ɗalibai daga karkara don su suka fi komawa can. Mozambik tun 1984 take koya wa waɗanda ba likitoci ba yin tiyatar haihuwa.

Ɗan Auta: Baba to a yi dokar dole kawai, ba lasisi sai ka yi shekara biyar kana aiki a gida

Dakta Mai Kwana: An kawo irin wannan ƙudiri a majalisar wakilan Najeriya a 2023, likitoci suka yi ca a kai. Ka riƙe min lasisi, to albashin wata ukun fa wa zai riƙe masa wuya?

Malam Karatu: Baba na yarda da baƙon da zai koyar, amma a rubuta a kwantiragi mutum nawa zai yaye kafin ya tafi.

Hajiya Ungozoma: Ku rubuta duk abin da za ku rubuta, ni dai gobe ina da aikin dare, kuma har yanzu ba a faɗa min wa zan kira ba in an kawo mai tiyata.