Fita da yara a ƙungiyance ga masu karantarwa a gida: kowa ya faɗi yadda ta kasance

Maman Sumayya, Garwa:
Assalamu alaikum. Mu gidaje ne 'yan kaɗan a nan Garwa, arewacin Kamaru, da muke karantar da 'ya'yanmu a gida: hadda da safe, boko da yamma wurin malamin da muke biya, idan lokaci ya yi su zauna jarrabawar CEP, ta kammala firamare, a matsayin masu zaman kansu. Karatu alhamdu lillahi. Sai dai duk 11 ga Fabrairu, ranar matasa, in suka ga sa'o'insu sun sha yunifom suna fareti, sai gidan ya cika da ƙorafi. Muna so mu riƙa haɗa su muna fita da su. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku ba mu labari, daɗi da wuya.

Baban Mujahid, Garwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu madatsar ruwa ta Lagdo muka kai namu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne takarda. Yaron makaranta yana da katin makaranta, darakta ya buga hatimi, magana ta ƙare. Naki fa? Hiyas cike da yara ba yunifom, ba sunan makaranta a jiki, dole jandarma ya tambaya 'ya'yan wane ne, kuma ban ga laifinsa ba a wannan zamani. Abin da ya fisshe mu: kwafin takardar haihuwar kowane yaro, da takardar amincewa da uba ya sa wa hannu, da jerin sunaye da lambobin iyaye, duk a jaka ɗaya a hannun mutum ɗaya. Mun kuma je mun gaishe da mai unguwa mun sanar da shi tun kafin ranar.

Shiga cikin tashar lantarkin kanta sai da izini a rubuce, kada ku dogara da "in mun je ma roƙa". Amma ko daga waje akwai abin koyo. Mun gaya musu 'yan Sin ne suka gina madatsar, aka gama a 1982, kuma wutar da ke juya fankar ɗakinsu daga nan take tasowa. Babban ɗana ya tambaya ina ruwan yake zuwa in an buɗe ƙofofi, shi ya kai mu ga labarin Binuwai har Yola, da ambaliyar 2012 da ta 2022. Darasin da malaminsu ya yi ta fama da shi a taswira ya zauna a rana ɗaya.

Gargaɗi guda: kada yaro ya sa ƙafa a ruwan. Ban da dorinar ruwa, akwai tsargiya.

Maman Ikram, Marwa:
Malam, ni fa ina ganin da nisa kuka fara. Mu nan ba ma ko zancen gandun dajin Waza ko duwatsun Rumsiki da yara, kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyin suka shiga shekarun nan, ba uban da zai sa hannu. Rashin hanyar ne ya sa muka duba cikin gari, sai ga shi abin yana nan a ƙofar gida. Mun kai su majema, suka ga yadda ake jiƙa fata, a kankare gashi, a jeme ta da bagaruwa. Warin ya kori rabinsu da farko, daga baya da ƙyar muka janye su. Daga nan muka wuce wurin dukawa a cibiyar masu sana'ar hannu, suka ga fatar ta zama takalmi da jaka. Kowane yaro mun ba shi aikin tambayar farashi, na ɗanyar fata da na takalmi, ya dawo gida ya fitar da riba. Ba hayar mota, ba shinge, kafin azahar kowa yana gidansu.

Abu ɗaya dai, mai sana'a ya bar aikinsa ya tsaya muku. Ku sayi wani abu a hannunsa, kada ku bar shi da "Allah ya saka".

Baban Mujahid:
Gaskiyarki, Hajiya. Ba mu ƙi ta kusa ba, kasuwar Pitowa ta ranar Lahadi ma tana cikin lissafinmu. Amma yaron da kullum yana tsakar gida, ita kanta hanyar karatu ce gare shi.

Malam Abban Hafsa, Ngaundare:
Ni malami ne, gidaje ke ɗaukata. Wahalar da ba a faɗa ba ita ce tazarar shekaru. Ajin makaranta sa'o'in juna ne. Ku kuwa za ku fito da ɗan shekara huɗu da 'yar sha huɗu, ga uwa da goyo. A tashar jirgin ƙasa, manyan suna son jin yadda layin dogo ya iso nan a 1974 ya tsaya, da dalilin da ya sa kayan Cadi suke sauka a nan su hau manyan motoci, ƙananan kuwa kuka suke saboda ƙarar inji. Yanzu raba su nake: kowane babba a ɗaura masa ƙarami ɗaya, shi zai riƙe hannunsa, shi zai amsa in an kira suna.

Fadar Lamiɗo ta fi sauƙi, amma ku koya musu ladabin wurin tun daga gida: cire takalmi, rage murya, yadda ake gaisuwa. Ku nemi wanda zai fassara Fulatanci in yaranku ba su ji sosai. Kuma in an dawo, kowa ya rubuta abin da ya gani, rabi da Faransanci rabi da Hausa ko ajami. In ba haka ba, yawon buɗe ido aka yi kawai.

Goggon 'Yan Biyu, Gidar:
'Ya'yana, ku zo Kola ku ga duwatsun da kogin Mayo Luti ya sassaƙe, amma da rani, in ruwa ya janye. Disamba zuwa Fabrairu ya fi. Maris da Afrilu dutsen kamar tanda yake, da damina kuwa ko kusa kada ku je.

Maganar kuɗi kuma, ita ke kashe irin wannan haɗuwa. Mu adashi muka mai da abin, kowane gida yana zuba kaɗan duk wata ta waya, ma'aji ɗaya. Wanda ya fasa bayan an kama mota, kuɗinsa ya tafi, mun faɗa tun farko. Kuma gida ake ƙirgawa, ba kai ba, don mai 'ya'ya bakwai kada ya ji kunya ya bar wasu. An yi gardama a kan wannan sosai, masu ɗa ɗaya suka ce an cuce su. Har yau akwai wadda ba ta dawo ba.

Maman Ikram:
Goggo, mu kai muke ƙirgawa, amma daga na huɗu kyauta. Abinci kowa ya zo da nasa? Mu mun hana, don wani ya zo da kaza wani da ƙosai, yara suna kallon juna. Tukunya ɗaya, dafa-duka da zoɓo.

Goggon 'Yan Biyu:
Haka muke yi. Ruwan sha kuma ku ninka abin da kuka zata, ku riƙe gishirin ORS da buta da tabarmar salla.

Maman Sumayya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Za mu fara da gidan namun daji na nan Garwa, Lagdo sai sanyi ya shigo. Saura abu ɗaya: iyaye maza. Namu duk 'yan kasuwa ne, kowa ya ce a je Allah ya tsare, amma ba mai rufe shago.

Baban Mujahid:
Ku sa musu layi kamar na kuɗin, Hajiya: kowace fita maza biyu, wanda layinsa ya zo bai samu zuwa ba ya turo ƙaninsa ko ya biya kuɗin mai. Ku turo min ranar, zan yi magana da Alhajinku bayan sallar Juma'a.