Mutanen Maigatari, a ina rufe boda ya same ku?

Jikan Fatoma:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya Alhamis na shiga kara da sassafe, na tarar da raƙuma da shanu har bakin hanya, sai shekarar nan da wurin ya yi tsit ta faɗo mini a rai. Ranar 20 ga Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe tamu ba sai 16 ga Disamba 2020, tare da Illela da Seme da Mfum. Ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, kada yaranmu su taso su ɗauka labari ne. Ni gidanmu gidan fatoma ne tun kakana. Kowace Laraba da yamma zaurenmu cike yake da baƙin Damagaram da Tanut, tabarmi har ƙofar gida, gawayin shayi ba ya mutuwa. A wancan lokacin mahaifiyarmu ta kife babbar tukunyar tuwon baƙi a bayan ɗaki, har kaza ta yi ƙwai a gindinta. Wallahi duk sanda na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Manomin Riɗi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a gona ya same ni. Gonar gadonmu rabi tana nan, rabi tana tsallake, kuma mu ba mu taɓa sanin inda layin yake ba sai wata tsamiya da Baba ke nunawa. An rufe ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Da kaka ta yi muka ɗaure dammuna, amalanke ta ɗauko, aka tare mu a hanya aka ce kayan ƙetare ne. Na ce ranka ya daɗe, da hannuna na shuka, ga kanta a tafina. Sai da dattawan gari suka sa baki. Daga nan rumbu muka yi a can wajen kawuna, muna ɗebowa tiya biyu tiya uku a bayan keke. Hatsinka, guminka, amma kana shigo da shi kamar ɓarawo.

Uwar Biyu:
Ni daga wajen Dungas aka auro ni. Na haifi tagwayena ana cikin rufewar. Inna ta yi niyyar zuwa wankan jego, babu mota, sai ƙanina ya ɗauko ta a babur ta cikin daji, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga yashi. Ta iso ƙafa a kumbure, da ƙullin kanwa da daddawa a haɓar zane. Har ta koma ga Allah ba ta sake takawa daidai ba.

Jikan Fatoma:
Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Allah ya raya tagwaye.

Ɗan Acaɓa:
Yaya, kun manta mai. A Nuwamba 2019 aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Gidajen manmu suka bushe. Sai mu gangara Gumel, ko mu saya a galan wajen 'yan bumburutu da tsada. Fasinja ya ga ka ƙara kuɗi ya yi ta faɗa. Injin niƙa ma tsayawa ya yi a unguwarmu, mata suka koma turmi.

Dillalin Raguna:
Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ne ya yi kuka ba. Yayana na noman shinkafa a Auyo, a shekarar ya biya bashinsa har ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, don 'yar gida ta yi daraja da 'yar waje ta yi wuya. Ina taya shi murna har zuciyata. Amma mu da la'ada ce abincinmu, Babbar Sallar 2020 ta zo mana ga rufewa ga korona. Balami da uda da muka saba karɓa daga Nijar sai ɗai-ɗai, Alhazan Legas da ke cika tirela suka daina kira. Masu canjin sefa suna zaune a benci suna hamma. Kuma shinkafar da aka rufe dominta ba ta fasa shigowa da dare ba, kowa ya sani.

Malamin Firamare:
Abin da ke ci mini rai, mutanen birni suna maganar boda kamar katanga ce da Allah ya gina. Masarautar Gumel da muke ƙarƙashinta, tsohuwar hedikwatarta Tumbi ce, yau tana cikin Nijar. Mangawan can da na nan kaka ɗaya. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja layi, Jigawa kanta sai 1991 aka ƙirƙiro ta, kasuwarmu kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Ajina ya ragu a wancan zangon, don iyaye sun tura yara tsinkar zoɓo su samo na cefane. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka hamɓarar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har Maris 2024.

Manomin Riɗi:
Malam, a ta biyun ban jira an tare ni ba. Tun kafin gero ya nuna na tura yara suka gyara rumbun nan na gidan kawu, suka sake masa jinka. Yana nan har yanzu, na hana a rushe.