Taƙaitawa: sabbin gejin tsofaffin taraktoci, irin su Ferguson TE20 da Ford 8N

Ga abin da na tattaro daga wata muhawara kan ko a sa wa tsohuwar tarakta sabon geji ko a gyara na asali.

Inda baki ya zo ɗaya:
1. Galibin gejin kwaikwayo, wato sababbin da aka ƙera kamar na asali, sun shiga ramin inci 2 na allon gaban direba, amma kyan fuska ba ya nuna gaskiyar allura. A gwada kafin a ɗaura.
2. Gejin zafi: a tsoma kansa cikin tafasasshen ruwa, ya nuna kusan digiri 100 a ma'aunin Celsius. Siririn bututunsa ba a yanke shi, ba a lanƙwasa shi sosai. In ruwan ciki ya tsere, gejin ya mutu.
3. Gejin matsin mai: nan aka fi daɗewa. Zaren ɗauri, wato tsagin da ake murzawa, iri biyu ne: a mai girman 1/8 na inci, NPT na Amurka 27 ne a inci, BSP na Ingila 28. Sukan fara shiga juna, sai su cije, mai ya riƙa ɗiga. A kwatanta sabon gejin da gejin gwaji mai inganci, injin yana da zafi.
4. Amita, gejin cajin batir: 8N ta fito da batir mai bolt 6, kuma kan fositif ne a jikin ƙarfe. In allura ta koma baya lokacin caji, a musanya wayoyin biyu. Wanda ya sa altaneta (na'urar cajin batir) mai amfiya 60, gejin amfiya 30 ya yi masa kaɗan.

Inda aka rabu: masu zuwa baje koli sun ce a gyara na asali, domin rubutu da launin allurar sababbin sukan saɓa. Masu noma da taraktar sun ce sabo ya wadatar, muddin ba ya tara raɓa a bayan gilashi. A ganina, ko an canja, kada a yar da tsohon.