Me za mu kira "tirajidi" da Hausa?

1/ Daren Asabar na je wani ɗan ƙaramin ɗakin wasan kwaikwayo na unguwa, kujerunsa ba su kai 50 ba, na kalli wasan Sarki Odifus na Sofokilis, marubucin Girka na zamanin da. Da na dawo ƙanwata ta ce, "Yaya, wane irin wasa ne?" Sai na rasa ta cewa. Tirajidi ne, wato "tragedy" a Turance, to amma da Hausa fa? Tun ranar abin ke cina.

2/ Asalin kalmar ba zai fisshe mu ba. Da Girkanci ma'anarta "waƙar bunsuru", daga bikin da mutanen Atina ke yi wa gunkinsu Diyonisus, shekara sama da 2,400 da suka wuce. Wannan mu bar wa masu shi.

3/ An fi cewa "wasan ban tausayi", kishiyar wasan ban dariya. Ba laifi, amma rabin abin ya kama. Aristotil, masanin falsafar Girka da ya yi bayanin irin wannan wasa, abu biyu ya ambata, tausayi da tsoro, ya ce wasan na motsa su ne har ya wanke zuciyar mai kallo. Tausayi kaɗai kana iya yi wa wani daga nesa, kai kana lafiya lau. Abin da na ji a ɗakin nan ya wuce haka.

4/ Bari in ba ku misali. Akwai inda aka kawo tsohon makiyayin da ya san asalin Odifus. Ina layin gaba, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. Ina ganin gumi na bin wuyansa, sandarsa na karkarwa a hannu. Sarki na matsa masa lamba ya faɗi gaskiya, shi yana roƙo a ƙyale shi. Kowa a ɗakin ya riga ya san amsar: sarkin shi ya kashe ubansa, ya auri uwarsa, bai sani ba. Wata dattijuwa kusa da ni ta dafe ƙirji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kar ka faɗa, baba." Gabana sai faɗuwa yake, kamar ni za a tona wa asiri. A dandalin Atina dubban mutane ke kallo daga nesa, 'yan wasa sanye da abin rufe fuska. A nan ko numfashinsa ina ji.

5/ Wani abokina ya ce "wasan ƙaddara". Ta ja hankalina, don an yi wa Odifus duba tun kafin a haife shi. Sai dai ba a zaune abin ya same shi ba. Shi ya nace da bincike, matarsa ta roƙe shi ya bari ya ƙi, kuma da hannunsa ya tsokane idanunsa da allurar rigarta. In muka ce ƙaddara kawai, mun ƙwace masa wannan.

6/ "Wasan masifa" da "wasan mutuwa" ban daɗe a kansu ba. Odifus bai mutu a wasan ba, kuma akwai wasannin Yurifidis, wani marubucin Girka, da suka ƙare lafiya amma sunansu tirajidi.

7/ Inda na tsaya: wasan juyayi. Ku saurari yadda muke amfani da kalmar. Muna juyayin abin da ya sami wani, muna kuma juyayin abin da ke tafe, wanda muka hango ba mu da ikon tare shi. Ga tausayin, ga fargabar, a kalma ɗaya. "Alhini" ta zo kusa, amma ita sai bayan abu ya auku ake yinta, ni kuwa tun ba a kai ko'ina ba cikina ya ɗuri ruwa.

8/ Tana kuma shiga magana ba gargada: marubucin wasan juyayi, gwarzon wasan juyayi, wasannin juyayi na Shekisfiya. Na gwada ta a kan ƙanwata ba tare da ƙarin bayani ba. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Wato tun farko kun san ba za ta yi kyau ba, kuka zauna?" Malaman adabi da 'yan wasa, in kuna da wadda ta fi ta, ku kawo mu gani.