Rediyoterafi filanin: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Mai buɗe zance, ma'aikacin sashen gashin sankara

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon malaman Hausa da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya. Akwai karatun gaba da digiri da ake yi daga nesa ta intanet, wanda aka tanada don ma'aikatan asibiti da suka riga suka kama aiki, irin wanda Jami'ar Sheffield Hallam ta Ingila ta fito da shi. Sunan fannin a bakin Bature rediyoterafi filanin, wato shirin da ake yi kafin a fara wa mai sankara gashi. Shi nake so mu samo wa suna.

Ga yadda aikin yake. Idan likita ya yanke cewa za a yi wa mai sankara gashi, ba a ranar ake farawa ba. Sai an fara kai shi ɗakin siti sikan, inda ake ɗaukar hoton cikin jiki, a kwantar da shi daidai yadda zai riƙa kwanciya kullum a ƙarƙashin na'ura. In a kai ne ko a wuya, a jiƙa wata ragar roba da ruwan ɗumi har ta yi laushi, a ɗora masa a fuska, ta sandare da siffarsa. In a ƙirji ne ko a mara, a ɗiga masa 'yan ɗigo a fata waɗanda wanka ba ya gogewa. Daga nan a ce ya tafi gida, za a kira shi. A waɗannan kwanakin da yake gida ake yin aikin da nake magana, a kan kwamfuta, a ɗakin da shi bai taɓa shiga ba.

Abin da ke damuna shi ne idan ya tambaye mu me ake jira, ba mu da amsa da Hausa. Sai mu ce "ana filanin". Mutumin da ya sayar da akuyarsa ya zo daga ƙauye, da ya ji haka sai ya ɗauka an manta da shi, ko kuma wani abu ake so ya miƙa. Wasu daga nan suke komawa wurin mai magani, ba a sake ganinsu sai ƙarin ya fashe.

Ma'aikaciyar jinya

Wa'alaikumussalam. Ɗan'uwa, kafin a kai ga filanin, ita kanta kalmar gashi sai an duba ta. Da an ce gashi, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne garwashi da tsire. Tambayar farko da mata ke yi mini ita ce, "Sista, wuta za a sa mini?" Ta biyu kuma, "In na koma gida zan iya ɗaukar jikata?" Sai na zauna na yi bayani cewa lokacin da na'ura ke aiki ba a jin zafi, ba a ganin komai, ƙararta kawai ake ji. Fata takan yi duhu ko ta yi ja bayan makonni, gaskiya ne, kuma muna faɗa musu tun farko. Amma gashin da ake yi daga waje ba ya barin komai a jiki da zai cutar da na kusa. Ta ɗauki jikarta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa.

Ni da za a bi ta tawa, a bar gashi gaba ɗaya a ce jinyar haske.

Malamin Hausa

Sista, na fahimci damuwarki, amma kalmar da ta riga ta shiga bakin jama'a ba a cire ta da umarni. 'Yan jarida gashi suke cewa, majinyata gashi suke cewa, ku ma a sashenku haka kuke cewa in kun shagala. Abin da za a iya yi shi ne a ƙara mata abin da zai fayyace ta. Matsalolinta biyu ne a rubuce. Da baki, tsawon wasali yana raba gashin kai da gashin wuta, amma a takarda rubutunsu ɗaya. Duk wanda ya ga "tsarin gashi" a allon ƙofa, kitso ko aski zai kawo a ransa, don haka wannan fassarar, wadda ita ce ta fi saurin zuwa, ba za ta yi ba. Na biyu, mun riga mun ba wa masu motsa gaɓoɓi gashin ƙashi, kuma jama'a sun saba da shi.

Ina ganin a haɗa shawararki da abin da ke bakin mutane a ce gashin haske. Ya raba shi da gashin ƙashi, ya raba shi da gashin kai, ya kuma gaya wa mai ji cewa ba wuta ba ce. Sai dai masana su gaya mana ko halal ne a kira abin haske alhali ido ba ya ganinsa.

Game da filanin, ina ba da shawarar shata. Mai gini ba ya haƙa tushe sai ya shata fili, ya nuna inda nasa ya tsaya da inda na maƙwabci ya fara. Daga bayanin mai tambaya, kamar hakan ne.

Masanin fiziks na asibiti

Allah gafarta Malam, haske daidai ne. Abin da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895 ɗan'uwan hasken da muke gani ne, ƙarfinsa ne ya ninka ƙwarai har yake ratsa jiki. Na'urar kobal 60, wadda aka fara jinya da ita a Kanada a 1951, da na'urar linak, wadda aka fara amfani da ita a asibitin Hammersmith na Landan a 1953, duk irin wannan hasken suke harbawa. Ba ni da ja a kan gashin haske.

Shata kuwa ta ɗauki rabin aikin ne, kuma ta ɗauke shi da kyau. Hoton siti yana zuwa yanka-yanka, kowane yanka kaurinsa milimita 2 ko 3. Likitan sankara yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana zagaye ƙarin da ido ke gani. Sai ya ƙara zagaye na biyu, inda ake zargin saiwar cutar ta kai ko da hoto bai nuna ba. Sai a ƙara na uku, 'yar rata saboda numfashi da motsi da bambancin kwanciyar yau da ta gobe. A kai da wuya, da yake raga ta riƙe mutum, ratar ba ta wuce milimita 3 zuwa 5. Wannan tsari na zagaye uku an daidaita shi a duniya tun 1993. Bayan haka a zagaye gaɓoɓin da ake kiyayewa: lakar ƙashin baya, idanu, inda yawu ke fitowa, zuciya in nonon hagu ne, mafitsara da dubura in bakin mahaifa ne. Duk wannan shata ce, babu shakka.

Sauran rabin lissafi ne. Ta wace kusurwa hasken zai shiga, ta ƙofa nawa, da wane ƙarfi, kuma kowane lungu na jiki nawa zai samu. Ma'auninmu sunansa gire, daga sunan masanin Ingila Louis Harold Gray. A sankarar kai da wuya, sau da yawa ana ba da gire 70 a zama 35, wato gire 2 kullum, kwana biyar a mako, har mako 7. Amma lakar ƙashin baya da ke nan kusa ba a so ta haura gire 45 zuwa 50, don in ta lalace mutum zai iya shanyewa. Ka ga tazarar da ke tsakanin inda ake son 70 da inda ake tsoron 50 wani lokaci ba ta kai faɗin yatsa ba. A nan mai aikin yake kwana: ya gyara kusurwa, kwamfuta ta sake lissafi, ya duba, ya ga ya ceci laka amma ya busar da yawu, ya sake. A nono ana yawan ba da gire 40 a zama 15. Don rage raɗaɗin sankarar da ta kai ƙashi, gire 8 a zama ɗaya yakan wadatar.

Kuma kuskure a wannan ɗakin ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. A ƙasar Panama, tsakanin 2000 da 2001, yadda aka shigar da bayanan makarin haske, wato abin da ke tare hasken daga inda ba a so ya kai, cikin kwamfuta ya sa ta yi lissafin da ba daidai ba, majinyata 28 suka sami fiye da abin da aka rubuta musu, wasu suka rasu. Shi ya sa ƙa'ida ce wani na biyu ya sake lissafin da kansa kafin a taɓa majinyaci. Ina roƙon sunan da za mu zaɓa ya ɗauki wannan nauyin.

Malamin Hausa

To, Malam, ai ka kawo kalmar da bakinka. Awo. Muna auna hatsi, muna auna nisa, kuma maharbi yana auna abin da zai harba. Aikatau ɗaya ya haɗa ƙididdiga da saiti, kuma su biyun ka bayyana. Sai mu ce shata da awo.

Wani ɗalibin likitanci

Ranku ya daɗe, ni ina da ja. Me zai hana mu ari filanin kawai? Mun ari asibiti, mun ari likita, mun ari tiyata, ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Kuma shi karatun da Turanci ake yin sa, manhajar kwamfutar Turanci ce, jarrabawar ma haka. Sannan awo a asibiti ya riga ya zama na masu ciki. In ka ce wa mace ta zo awo, sashen haihuwa za ta nufa.

Ma'aikaciyar jinya

Ƙanena, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma dole a kiyaye: kada a taɓa cewa awo shi kaɗai, sai tare da shata. Amma aro ba zai yi ba a nan. Tiyata ta zauna ne don mutane suna ganin abin da take nufi, ga ɗinki ga bandeji. Wannan aikin ba mai ganinsa. In sunan ma bai faɗi komai ba, me ya rage wa majinyaci ya riƙe? Filanin a kunnen mutanenmu ya fi kusa da tsarin iyali, na sha ganin an fahimce shi haka.

Wani ma'aikacin lafiya daga Maraɗi

Sallama gare ku 'yan'uwa. A Nijar sai a 2021 aka buɗe sashen gashi na farko, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya mai mazauni a Biyana. Ma'aikatanmu da Faransanci suka yi karatu, naku da Ingilishi. In kun ari filanin, mu ba namu ba ne, mu kuma in mun ari ta Faransanci ku ba za ku gane ba. Alhali majinyacin Maraɗi ko Damagaram yakan tsallaka Sakkwato ko Zariya neman wannan jinyar. Shata da awo kowa zai ji ta a ɓangarorin biyu. Ina goyon baya.

Tambayata ga mai buɗe zance: wannan aiki mai haɗari haka, ta yaya ake koyon sa daga nesa?

Mai buɗe zance

Tambaya mai kyau, ɗan'uwa, kuma ta shafi yadda za mu fassara sunan karatun. Shata da awo na cikin 'yan ayyukan asibiti da kusan dukkansu a kan allon kwamfuta ake yi, shi ya sa karatun nesa ya karɓe shi. Ana iya nazarin yanka-yankan hoto, a koyi gane iyakar gaɓoɓi, a kwatanta taswirar wannan da ta wancan, a yi muhawara a kan dalilin da ya sa aka fifita ɗaya. Ana yin sa kashi-kashi, mutum yana bakin aikinsa, daga satifiket zuwa difloma zuwa digiri na biyu.

Amma ba karatu ne na wanda ke zaune a gida ba, don haka ban so mu ce "karatu daga gida". Ana sa ran ɗalibi yana aiki a sashen da ke da na'ura da manhajar lissafi, yana da babba a kansa mai duba aikinsa. A nan ne abin yake mana ciwo. Kusan rabin masu sankara suna buƙatar gashin haske a wani mataki na jinyarsu, amma wuraren da ake yin sa a Arewa ana ƙirga su da yatsu, irin asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Sashen da ke da masu shata da awo biyu ba zai iya sakin ɗaya ya tafi Turai shekara guda ba, don layin majinyata zai ninka. Karatun nesa yana barin mutum a kujerarsa, abin da ya koya da dare ya gwada shi da safe a gaban na gaba da shi. Kuɗin makaranta da fam ake biya, ga wuta ga data, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne ga mai albashin naira. Duk da haka ina ganin hukumomin asibiti su ɗauki nauyinsa, don sayen na'ura ba tare da mai shata da awo ba ajiye ƙarfe ne kawai.

Malamin Hausa

To ga abin da na ji mun tsaya a kai, a gyara mini in na kauce. Jinyar kanta gashin haske. Aikin da ke gabanta shata da awo, cikakken sunansa shata da awon gashin haske. Mai yin sa mai shata da awo. Abin da ya fitar a ƙarshe, wanda likita ke sa wa hannu, taswirar gashin haske. Kowace rana ta jinya zama ce, kamar yadda masanin fiziks ya yi ta faɗa ba tare da kowa ya nemi fassara ba. Gire a bar shi yadda yake, sunan ma'auni ne kamar mita. Karatun kuma: karatun gaba da digiri daga nesa a fannin shata da awon gashin haske, don ma'aikatan lafiya.

Masanin fiziks na asibiti

Na amince, da ƙari ɗaya. Akwai nau'in da ake sanya tushen hasken a cikin jiki, kusa da ƙarin, wanda ake yawan yi wa masu sankarar bakin mahaifa bayan sun gama na waje. Turawa na ce masa birakiterafi. Tunda mun sami uwar kalma, sai a raba su a ce gashin haske na waje da gashin haske na ciki. Shi ma na cikin yana da nasa shata da awon, kuma Sista ta san shi ne matan suka fi tsoro, don haka a fara da shi in za a rubuta takardar bayani ga majinyata.