Zan kai iyali Agadas da Hiace ƙarshen Afrilu, ina neman waɗanda suka bi hanyar

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Kawuna da ke Agadas zai aurar da 'yarsa ƙarshen Afrilu, Inna kuma ta ce ko a goye sai an kai ta, shekara tara rabonta da ɗan'uwanta. Ina da Hiace, na cire kujerun baya na shimfiɗa katifa biyu, na ɗora sola da ɗan firji. Mu shida ne har da yara biyu da ƙanena da za mu riƙa karɓeɓeniyar tuƙi. Inna na da hawan jini. Daga Birnin Kebbi za mu bi Sakkwato, Illela, Ƙonni, Tawa, Abalak. Mu kwana a mota ko mu kama masauki a Tawa? Ruwa kuma jarka nawa zai ishe mu?

Direban Kamba: Wa ya ce ka bi Illela? Ga Kamba kusa da kai, ka shiga Gaya, Doso, Dogon Dutsi, ka faɗa Ƙonni. Kuma ka gyara takardun motar kafin ka isa iyaka.

Bakatsine: Bakabe da ya saba da ruwan Matan Fada, me ya kai kifi tudu? Ka aika da gudummawa ka zauna gida.

Kawu na Jega: Ɗana, ka saurare ni. Watan Mayu na bi hanyar nan da matata da 'yata, lokacin tana shekara huɗu. Kafin mu tashi na kai motar garejin wani bakanike, na biya kuɗin sabon tiyon lagireto, ashe tsoho ya wanke ya ɗaura mini. Daga Tawa zuwa Agadas kusan kilomita 400 ne, kwaltar ta cinye, wani wurin direbobi sun bar ta suna bin gefe cikin rairayi. Mun wuce Abalak da kamar awa biyu tiyon ya fashe, ana gab da azahar. Wautar da na yi, na ɗaure shi da roba na juye jarkar ruwan shanmu a lagireto. Ba mu yi nisa ba ya sake tsiyayewa. Babu sabis, babu inuwa, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Muka shige ƙarƙashin mota muka kwanta. Yarinyar ta yi ta kuka, can ta yi shiru, na taɓa goshinta na ji shi a bushe ƙamas, ko ɗigon zufa babu. Uwarta na tofa mata addu'a, yawun ma ba ya fita. Sai la'asar sakaliya wani Buzu ya ɓullo a kan babur da salka. Bai bari ta kwankwaɗa ba, rawaninsa ya jiƙa yana ɗiga mata a baki. Har yau ban san sunansa ba. Bakaniken nan kuwa da na dawo cewa ya yi zafin Nijar ne, ba aikinsa ba. Na bar shi da Allah.

Maman Sadiq: Innalillahi. Kawu, yarinyar fa?

Kawu na Jega: Ta rayu, tana aji biyar yanzu. Jaka sittin na sefa na biya aka jawo motar zuwa Agadas.

Direban Kamba: Jaka sittin? An yanke ka, Kawu. Ni jaka ashirin da biyar mai babbar mota ya jawo ni.

Ɗan Bunza: Wace shekara ke nan? Bara jaka tamanin aka nema wurin maigidana, da magiya aka bar masa saba'in.

Anti Nas: Duk kun bar maganar tsohuwa. Baban Ummi, ka kai Inna ta ga likitanta tukuna, musamman in maganinta mai sa yawan fitsari ne. Wanda zufa ta ɗauke masa, ko ya fara sambatu, a jiƙa masa jiki a yi ta fifita, a nufi asibiti. Ruwan mota daban, na sha daban. A 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, motocinsu ne suka lalace.

Direban Kamba: Hajiya, waccan hanyar Aljeriya ce, ba ta Agadas ba. Shekara ashirin ina wannan tuƙi. Kin taɓa wuce Illela?

Anti Nas: Ban taɓa ba, Malam. Amma waɗanda kuke saukewa a sume wurinmu ake kawo su.

Ɗan Bunza: Shi ma direban ai da sanyin Disamba ya fi bin hanyar. Ni dai maganar Kawu na ɗauka, shi ya kwanta ƙarƙashin mota.

Bakatsine: In zafi kake son gwadawa, ka shigar da su Hiace ɗin a ƙofar gidanka da rana tsaka. Birnin Kebbi a Afrilu ta haura digiri 40, ba sai ka ƙona mai ba.

Maman Sadiq: Wallahi ba wasa ba ne. Kwana huɗu ke nan ba mu ga wuta ba a unguwarmu, yara duk sun yi ƙurajen zafi, a tsakar gida muke kwana sauro na cinmu. Ƙanƙarar da nake saya ɗari biyu jiya ɗari biyar aka ce.

Ɗan Bunza: Abin takaicin, layin wutar da ya tafi Yamai ta Birnin Kebbi ya bi. Mu namu taransifoma tun kafin azumi ya ƙone, an karɓi dubu biyu-biyu kowane gida, shiru kake ji.

Baban Ummi: Na gode, Kawu na ji maganar tiyo, Anti gobe zan kai Inna asibiti. To jarkar fa, nawa? Kuma kwanan Tawa?

Maman Sadiq: Ɗan Bunza, ku dubu biyu aka karɓa? Mu uku-uku muka bayar, kuma wanda ya tara kuɗin ya daina ɗaga waya.