Mutum-mutumin Columbus: shawarwarin da suka fito

Amurkawa 'yan asalin Italiya da suka tattauna batun sun ce kafin a tumɓuke mutum-mutumin Christopher Columbus, matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya da ake zargi da zaluntar 'yan asalin nahiyar Amurka, a tuna abin da ya sa kakanninsu suka rungume shi: a 1891 aka yi wa Italiyawa 11 kisan gilla a New Orleans, washegarin shekara Shugaban Amurka Benjamin Harrison ya ayyana bikin Columbus.

Wasu suka ce a bi sahun jihar Colorado, wadda a 2020 ta mayar da ranar Columbus ta Frances Cabrini, 'yar Italiya mai hidimar cocin Katolika da ta taimaki baƙi 'yan ci-rani a Amurka. Wasu kuwa, kuma da gaskiyarsu, suka ce sauya suna bai wadatar ba. A mara wa ƙabilar Sioux, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin Amurka, baya kan tsaunukan Black Hills da gwamnatin Amurka ta ƙwace musu. Kotun Ƙoli ta amince a biya su diyya a 1980, suka ƙi karɓa, ƙasarsu suke nema.